Bioko, tsibirin da kokon Ghana ya fito

 Abin da ya jawo hirar wannan mako tambaya ce da wani direban trotro ya aiko mana. Ya ce shekara da shekaru yana bi ta gadar Tetteh Quarshie, kullum yana jin cewa mutumin nan shi ya kawo koko Ghana daga Fernando Po, to wai ina ne Fernando Po ɗin nan, har yanzu yana nan kuwa? Kafin mu yi nisa, kokon da muke magana shi ne na gona wanda ake cakulan da shi. Kokon safe da ƙosai yana nan a wurinsa, ba mu taɓa shi ba.

Yana nan, malam direba, suna kawai ya canza. Yau Bioko ake ce masa, kuma da yawa daga cikinku sun taɓa kallonsa a talabijin ba su sani ba. Ku tuna daren 5 ga Fabrairu 2015, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, da Black Stars suka ci Ikwatoriyal Gini 3 da nema, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe, magoya bayanmu suka tsallako suka fake a bayan raga, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kan fili. Filin nan a Malabo yake, Malabo kuwa shi ne babban birnin tsibirin Bioko.

Daga Accra zuwa can kimanin kilomita 1,000 ne ta gabas, a can cikin lungun tekun Gini. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,017, wato bai ma kai yankin Greater Accra ba. Tsakaninsa da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne kacal, kamar daga nan zuwa Tema, har idan gari ya washe mutanen Malabo suna hango Dutsen Kamaru. Abin mamakin shi ne ya fi kusa da Kamaru da Najeriya a kan sauran ƙasar da ke mulkinsa, wadda ke can kudu tsakanin Kamaru da Gabon. Aikin Turawa ne, za mu zo wurin.

Tsibirin gaba ɗayansa aman wuta ne ya gina shi. A ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse mai zafin gaske, idan ya sami kafa sai ya bulbulo, ya sandare, wani ya sake hawa kansa, a hankali har tudu ya zama tsauni. Manyan duwatsu uku ne irin wannan suka haɗu suka zama Bioko. Babbansu, Pico Basilé, ya haura mita 3,000, alhali Afadjato da muke alfahari da shi a Volta bai kai 900 ba. Rabonsa da aman wuta tun 1923, amma masana ba su ce ya mutu ba, barci yake. Hatta tashar jiragen ruwan Malabo bakin wani tsohon dutse ne da teku ta cinye gefe ɗaya, shi ya sa take zagaye kamar ƙwarya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Idan ka ɗauki taswira za ka ga layi ɗaya ya taso daga cikin teku: Annobón, São Tomé, Príncipe, Bioko, sai ya hau tudu da Dutsen Kamaru, ya wuce tsaunukan Adamawa, wani reshe ya kai tudun Biu a jihar Borno. A kan layin nan tafkin Nyos yake, wanda a watan Agusta 1986 ya saki iska mai guba cikin dare, ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobinsu. Don haka mai saurarenmu na Biu, dutsen bayan gidanku da na Malabo 'yan gida ɗaya ne.

Ƙasar da aman wuta ya bari baƙa ce, mai ƙarfi, ga kuma ruwa. A kudancin tsibirin akwai wani ƙauye, Ureca, inda ruwan sama ke haura milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Afirka. Accra ba ta samun 1,000, amma kun ga yadda gatar Nima ke cika ta shiga ɗakuna a watan Yuni. To ku ninka sau goma. Ƙasa mai kyau, ruwa, inuwa da zafi: abin da itacen koko ke nema ke nan.

Masu tsibirin na asali su ne Bubi, waɗanda suka tsallako daga gaɓar Afirka tun kafin wani Bature ya san hanya. A wajajen 1472 wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal, Fernão do Pó, ya iso, sunansa ne ya zama Fernando Po. Fotugal ta miƙa wa Sifen tsibirin a 1778, amma zazzaɓi ya hana Sifaniyawa zama. Sai Ingilishi suka zo a 1827 suka kafa gari, Clarence, don jiragensu masu tare fataucin bayi. Mutanen da aka ƙwato daga jiragen bayi, da waɗanda suka zo daga Saliyo, su suka zauna a garin, jikokinsu ake kira Fernandino, kuma har gobe ana jin wani irin broka a Malabo mai suna Pichi, wanda ɗan Accra zai tsinci kalmomi da yawa a ciki. Ga wani abu da ya ba ni sha'awa ina bincike: Richard Lander, baran Clapperton, Baturen nan da ya rasu a Sakkwato a 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma a wannan tsibiri ya rasu a 1834, bayan an harbe shi a kogin Kwara. Daga baya Sifen ta dawo ta karɓi abinta, Clarence ya koma Santa Isabel.

Yanzu ga Tetteh Quarshie. Mutumin Ga ne, maƙeri, wanda ya koyi sana'a wurin 'yan mishan na Basel. Cirani ya tafi, kamar yadda samarinmu ke tafiya yau. A lokacin koko ya riga ya shiga tsibirin daga São Tomé, inda Turawan Fotugal suka kawo shi daga Brazil. Ya yi shekaru a can, ya dawo da 'ya'yan koko, ya shuka a Mampong ta Akuapem a wajajen 1879. Gaskiya ne 'yan mishan sun gwada shuka shi kafin nan, amma daga gonarsa ne manoma suka riƙa sayen iri, abin ya bazu. Shi ya rasu a 1892, bai ga inda abin ya kai ba. Zuwa 1911 Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko.

To a nan ne labarin ya fara shafarmu, mu mutanen zango. Koko ba ya noma kansa. Sai an share daji, an yi ciyawa, an tsinka, an fasa, an shanya, an ɗauka a ka. A Ghana, hannun da ya yi yawancin wannan aiki daga arewa ya gangaro: Mosi, Zabarmawa, Frafra, Dagarti, Kotokoli, Hausawa kuma suna biye da goro da shanu da tufafi da karatu. Zangunan Kumasi da Koforidua da Nkawkaw sun cika ne a zamanin da kuɗin koko ke yawo.

Fernando Po ma haka, har ya fi. Bubi sun ragu ƙwarai saboda cututtukan da baƙi suka kawo da kuma tilasta musu aiki, saboda haka masu gonaki suka juya waje. Sun ɗebo Kru daga Laberiya, har abin ya zama abin kunya a duniya, Majalisar Ƙasashe ta lokacin ta yi bincike a 1930, shugaban Laberiya ya sauka daga mulki. Daga nan sai Najeriya. A 1942 Ingila da Sifen suka sa hannu kan yarjejeniyar ɗaukar leburori, dubban Ibo da Ibibio da Efik suka riƙa tashi daga Kalaba, wasu da takarda, wasu cikin kwalekwale da dare. Su suke ce wa tsibirin Panya, daga sunan España. Duka da ƙwace albashi da hana mutum komawa gida ba baƙon abu ba ne a gonakin, jaridun Legas sun sha rubutawa. Amma kokon tsibirin ya yi suna a duniya wajen kyau, kuma zuwa lokacin samun 'yanci ƙasar tana fitar da sama da tan 30,000 a shekara.

'Yancin ya zo ranar 12 ga Oktoba 1968. Sifen ta haɗa tsibirin da yankinta na kan tudu ta mai da su ƙasa ɗaya, mulki ya faɗa hannun Francisco Macías Nguema, mutumin ɓangaren tudu. Shekara goma sha ɗaya ya yi, kuma ko a cikin azzaluman Afirka na wancan zamani sunansa na gaba-gaba. Ya kashe 'yan boko, ya rufe makarantu da coci-coci, ya sa aka lalata kwalekwalen masunta don kada mutane su gudu. A 1973 ya raɗa wa tsibirin sunan kansa, Santa Isabel kuma ta zama Malabo, sunan wani sarkin Bubi. Da cin zarafin leburori ya yi yawa, a 1975 zuwa 1976 gwamnatin Najeriya ta aika jirage ta kwashe mutanenta, dubun dubata. Macías ya tilasta wa 'yan ƙasarsa daga tudu su maye gurbinsu, abin bai yiwu ba. Koko ya faɗi ƙasa da tan 10,000, daji ya cinye gonaki, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

Da na karanta wannan sai na tuna hirar tsofaffinmu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar baƙi, aka ba duk wanda ba shi da takarda mako biyu ya fita. Akwai gidaje a Nima da Tudu da har yanzu ba a son tayar da zancen, domin an rabu da mata da 'ya'ya, an sayar da kaya a wulaƙance, wasu an kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Gonakin kokon Ghana ma sun ji a jikinsu. Bambancin shi ne a nan kora aka yi, a can kuma ƙasar leburorin ce ta janye su, amma gona ba ta san bambanci ba. A ganina duk wanda ke hawa mumbari yana cewa baƙi ne matsalar ƙasa, ya kamata a nuna masa hoton gonakin Bioko.

An kifar da Macías a Agusta 1979, danginsa Teodoro Obiang ya hau, sunan Bioko ya tabbata a shekarar. Sai man fetur ya bayyana a tekun tsibirin a tsakiyar shekarun 1990, aka manta da koko. Baƙi suka sake kwararowa, 'yan Kamaru da Najeriya da Mali da Ghana, akwai kuma Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a Malabo da masallatansu. Kuɗi ya shigo, an yi tituna da otal-otal, amma talakan ƙasar bai gani a tukunyarsa yadda ya kamata ba, Bubi kuma suna kukan an mai da su saniyar ware a ƙasar kakanninsu.

Saura dabbobi, wanda shi ne ɓangaren da na fi so. Shekara kusan 10,000 da suka wuce Bioko a manne yake da Kamaru, ana iya takawa a ƙasa. Da ruwan teku ya ƙaru sai ya yanke shi, dabbobin da ke ciki suka maƙale. Shi ya sa yake da birai iri bakwai nasa na asali, alhali São Tomé da bai taɓa haɗuwa da tudu ba, biran da ke cikinsa mutane ne suka kai su. Shahararrensu shi ne wanda ake kira dril, mai kama da bika, baƙar fuska, guntun wutsiya. A duk duniya ba a samunsa sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da nan. Akwai kuma wani jan biri da ya rage a kudancin tsibirin kawai, cikin ƙaton kwarin dutsen Luba inda hanya ke da wuyar shiga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku iri huɗu suna hawowa baƙin yashin gaɓar kudu da dare su yi ƙwai, ciki har da wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya, mai nauyin da kan kai na saniya. Irinsa ne ke fitowa a Ada, ga wanda ya taɓa gani.

Abin da ke cinye su shi ne kasuwa. Mu dai biri ba abincinmu ba ne, amma a Malabo naman biri abincin masu hali ne, kuma da kuɗin mai ya shigo sai farashi ya hau, mafarauta suka ƙaru, bindiga ta maye gurbin tarko. Gwamnati ta hana farautar birai a 2007. Masu bincike na jami'ar ƙasar da abokan aikinsu na Amurka, waɗanda suka yi shekaru suna ƙirga gawarwakin da ake kawowa kasuwa, sun ga abin ya lafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo har ya fi da. Dokar tana takarda, babu mai tsaronta. Ga shi kuma an fasa titi daga Luba zuwa Ureca ta tsakiyar gandun da aka keɓe, tafiyar da a da sai an kwana a daji yanzu mota ke yi.

Malam direba, idan kana son ganin ɗan abin da ya rage na wannan tarihi ba sai ka nemi biza ba. Daga gadar da kake bi kullum, ka miƙe hanyar Madina da Aburi har Mampong. Gonar Tetteh Quarshie tana nan ana kai baƙi, kuma masu kula da ita za su nuna maka tsofaffin itatuwan da suke cewa shi ya dasa da hannunsa.