FASHIN BAƘI: Yadda ake gane girman taransifomar da ta dace da unguwa, da dalilin da wasu ke ƙonewa tun suna sabbi

A garuruwan Arewa da dama, taransifoma ta daɗe da zama kayan yaƙin neman zaɓe. Ɗan takara ya yi alƙawarinta, ɗan majalisa ya sa ta cikin ayyukan mazaɓa, wani lokacin kuma mazauna unguwa ne ke yin karo-karo su saya bayan sun shafe watanni cikin duhu. Ranar da za a girka ta akan yi taro da jawabai da hotuna, amma ba kasafai ake jin wanda ya tambayi lambar da ke jikinta ba, ko 200 ce, ko 300, ko 500, balle a nemi sanin wanda ya yi lissafin da ya kai ga zaɓen wannan lambar. Alhali wannan lissafin ne ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi shekaru gommai tana aiki, ko kuwa zafin bazara ɗaya zai gama da ita.

Abin da lambar ke nufi

Wutar da ake samarwa a Kainji, Jebba, Shiroro da sauran tashoshi tana tafiya a manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 da 132,000. Daga nan ake ta sauko da ita zuwa 33,000 ko 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda ke mayar da ita kusan bolt 415 tsakanin layuka uku, ko kimanin 230 zuwa 240 a layi ɗaya da ke shiga gida. Taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta. Sauya ƙarfinta kawai take yi, kuma akwai iyakar nauyin da za ta iya ɗauka.

Da ma'aunin kVA ake bayyana wannan iyaka, yayin da kayan gida irin su dutsen guga da firji ake auna cin wutarsu da wat ko kilowat. Ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne. Duk abin da ke da injin juyawa a cikinsa, kamar fanka, famfon rijiyar burtsatse ko injin markaɗe, yana jan wutar da ta fi wadda yake mayarwa aiki. Shi ya sa injiniyoyi kan ɗauki kashi 80 cikin 100 a matsayin ƙiyasi: taransifoma mai kVA 300 na iya ɗaukar kayan da suka kai kimanin kilowat 240, mai kVA 500 kuma kimanin kilowat 400.

Yadda ake lissafin

Matakin farko shi ne ƙirga abin da ke unguwar a zahiri: gidaje, shaguna, masallatai, makarantu, masu walda, injinan niƙa da famfuna. Ba a tara cin wutar kowane kaya a ce shi ne nauyin, domin ba kowa ke kunna komai a lokaci guda ba. Abin da ake nema shi ne nauyin lokacin da aka fi jan wuta, wanda a unguwannin zama yakan faɗo tsakanin magariba da tsakiyar dare.

A ɗauki misalin unguwa mai gidaje 200, a ƙaddara kowane gida yana jan kilowat 1.2 a wannan lokacin. Jimilla kilowat 240 ke nan. A ƙara kilowat 40 na shaguna da famfuna da injinan markaɗe, ya zama 280. Idan aka raba da 0.8 domin mayar da shi kVA, za a samu 350. Tun a nan ya bayyana cewa taransifoma mai kVA 300 ta yi kaɗan, domin daga daren farko za ta ɗauki kusan kashi 117 cikin 100 na ƙarfinta.

Lissafin bai ƙare ba. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba bi ita ce kada nauyin yau da kullum ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin na'urar. Idan aka sake raba 350 da 0.8, za a samu kusan 438, kuma girman da ke sama da wannan cikin waɗanda aka saba samu a Najeriya shi ne 500. Ratar da ta rage ita ce za ta ɗauki sabbin gine-gine, da gidajen da za su sayi firji ko na'urar sanyaya ɗaki a shekaru masu zuwa. Akwai kuma batun injina: a lokacin tayar da shi, injin lantarki kan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci idan ya daidaita, abin da ke sa fitilun maƙwabta su dushe duk sanda mai niƙa ya kunna injinsa.

Zafi ne ke kashe ta

A cikin taransifoma akwai naɗaɗɗun wayoyi da aka lulluɓe da takarda ta musamman, aka nutsar cikin mai. Zafin da wayoyin ke fitarwa yana ƙaruwa fiye da yadda nauyin ke ƙaruwa: ƙarin nauyi na kashi 20 cikin 100 yana jawo ƙarin zafi na kashi 44 a cikin wayoyin. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa sun nuna cewa idan wuri mafi zafi a cikin naɗin ya haura digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan takardar. Idan takardar ta soye, wayoyi su haɗu, sai a ji ƙara, unguwa ta shiga duhu.

Wannan ya fi shafar Arewa. Ana ƙera taransifoma ta gama-gari ne bisa zaton zafin iska ba zai wuce digiri 40 ba, amma a Sakkwato da Maiduguri yakan haura haka a watannin Afrilu da Mayu, daidai lokacin da kowace fanka ke juyawa dare da rana.

Ko taransifomar da ta dace ma tana iya ƙonewa idan aka jibga yawancin gidaje a kan layi ɗaya cikin ukun. Mai kVA 300 tana ɗaukar kimanin amfiya 417 a kowane layi, kuma idan ɗaya ya wuce haka zai yi zafi ko da sauran biyun suna hutawa. Haka nan idan fiyus ya tsinke aka maye gurbinsa da waya mai kauri, an cire mai gadin ne aka bar ƙofa a buɗe.

Babba ma tana da nata aibin

Sayen wadda ta fi buƙata nesa ba kusa ba shi ma asara ne. Kuɗinta ya fi yawa, sannan kowace taransifoma tana cin wata wuta a cikin ƙarfenta muddin tana jone, ko da babu wanda ya kunna ko ƙwan fitila. A unguwa mai faɗi kuma, babba guda ɗaya ba ta magance raunin wuta a gidajen da ke ƙarshen layi, domin ƙarfin wutar yana raguwa a doguwar waya. A irin wannan yanayi, ƙanana biyu a wurare daban-daban sukan fi amfani.

Alhakin wa ne?

Tun bayan da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, taransifomar unguwa tana ƙarƙashin kulawarsu ne: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, da sauransu. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha nanata cewa saye ko gyaran taransifoma da turaku da wayoyi ba nauyin masu amfani da wuta ba ne. Inda jama'a suka zaɓi su zuba kuɗinsu, ƙa'ida ta tanadi a fara ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin kan yadda za a mayar musu da abin da suka kashe. Wanda bai gamsu ba zai iya kai ƙorafi sashen sauraron koke na kamfanin, daga nan ya ɗaukaka zuwa ga hukumar, ko hukumar jiha a inda jiha ta karɓi ragamar a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023.

Saboda haka, idan aka kawo wa unguwa taransifoma, ko daga kamfani ko daga ɗan siyasa, ƙungiyoyin matasa da masu unguwanni na da hurumin tambaya: kVA nawa ce, gidaje nawa za a jona mata, wane injiniya ya auna nauyin unguwar kuma a wane lokaci na yini, sabuwa ce ko gyararriya, an raba gidajen daidai a kan layuka ukun, kuma nawa aka rubuta a kasafi? Ƙarfin na'urar da shekarar ƙirarta suna rubuce a ɗan farantin ƙarfen da ke jikinta, kuma takardun aikin ya kamata su nuna abu ɗaya da shi kafin a sa hannu cewa an karɓi aiki.