Na'urar cire alli daga ruwa: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya

Idan butar shayin gidanka tana yin farin ɓawo a gindi, sabulu ba ya kumfa sai an kashe rabinsa, wake kuma yana daɗewa a wuta sai uwargida ta jefa kanwa, to ana iya zaton ruwanka mai alli ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu, yana narkar da sinadarai biyu, kalsiyam da maganiziyam. Su ne ke zama farin ɓawon nan, su toshe bututu da bakin famfo.

Akwai na'urar da ake sayarwa domin wannan matsala. Masu kanti suna kiranta da sunanta na Faransanci, adusisar. Tana da amfani, amma aikinta guda ɗaya ne tak: cire alli. Ba ta kashe ƙwayoyin cutar zawo ko kwalara, ba ta kuma cire gubar da ke cikin ruwa. Shan ruwa mai alli kuwa ba ya cutar da lafiya. Asararsa a aljihu take, wajen sabulu da gyaran bututu.

Abin da ya faru a Tibiri

Mutanen jahar Maraɗi suna da dalilin yin hattara fiye da kowa. A shekara ta 1985 aka soma shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi a Tibirin Gobir. Ruwan fari ne tas, ba wari, ba ɗaci. Amma yana ɗauke da sinadarin fuluwor mai yawa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada fuluwor ya wuce miligiram 1,5 a lita ɗaya. Na Tibiri ya ninka wannan iyaka sau uku zuwa huɗu. Sama da shekara goma yara suna sha, haƙoransu suka yi ja, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe har abada. Dubban yara abin ya taɓa. A shekara ta 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka fitar da rahoto a kai.

Da a ce kowane gida na Tibiri yana da na'urar cire alli a lokacin, da ba ta ceci yaro ko ɗaya ba, domin fuluwor yana wucewa ta cikinta. Tafasa ruwa ma ba ya fitar da shi, sai dai ya ƙara masa ƙarfi, tunda ruwa yana tashi tururi shi kuwa yana zama a tukunya. Wani abin lura kuma, ruwa mai fuluwor da yawa sau da yawa ba shi da alli sosai, yana kumfa da kyau. Saboda haka kumfar sabulu ba shaidar ruwa mai lafiya ba ce. Fuluwor yana da nasa magani daban, kamar matatar gawayin ƙashi da ake amfani da ita a Kenya, ko matata mai tace ruwa ta cikin siririyar fata da ƙarfin matsi.

Fara da awon ruwa

Ko kana Sabon Gari kana shan ruwan famfo, ko kana Jiratawa kana da rijiya a garka, kada ka fitar da kuɗi kafin a auna ruwanka. Ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ka je ofishin kula da ruwa na jaha ka nemi a nuna maka inda ake awo. Ka tambayi abu uku: yawan alli, yawan fuluwor, da ko akwai ƙwayoyin cuta. Rijiyoyin bakin gulbi marasa zurfi, ƙazanta ce ta fi damunsu, ita kuwa maganinta rufe rijiya, tacewa, da sa jabel ko ƙwayar Aquatabs.

Ana auna alli da ma'aunin da ake kira digirin Faransa. Digiri 1 daidai yake da miligiram 10 na alli a lita. Ƙasa da digiri 15, ruwanka ba ya bukatar komai. Tsakanin 15 da 30 matsakaici ne, yawancin gidaje suna zama da shi lafiya, ɗan ruwan lemun tsami ya isa ya wanke ɓawon buta. Sai ya haura 30 ne zancen na'ura yake da ma'ana, shi ma ga gidan da ke da bututu da yawa, ko injin wanki, ko tukunyar ɗuma ruwa. Gidan da ke sayen ruwa a jarka wurin ƴan garuwa ba shi da inda zai ɗaura ta.

Yadda take aiki, da abin da take ci

Na'urar tulu biyu ce. Na farko cike yake da ƙananan ƙwayoyin roba, ba su kai ƙwayar gero ba. Idan ruwa ya ratsa su, sai su riƙe alli su saki sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Tulu na biyu na gishiri ne. Bayan ƴan kwanaki ƙwayoyin suna ƙoshi, sai na'urar ta wanke su da ruwan gishiri, ta zubar da wankin waje.

Ga misali. Gida yana kashe lita 300 a yini, ruwansa digiri 35, ana so a sauke shi zuwa 10. Na'ura mai lita 10 na ƙwayoyi za ta yi kamar kwana shida kafin ta nemi wanki, kowane wanki kuma zai ci gishiri fiye da kilo ɗaya. Gishirin na musamman ne, dunƙule, a buhun kilo 25. Kantun Bilma ko gishirin miya na kasuwa ba su yi, domin yashi da ƙasar da ke ciki suna toshe na'urar. Don haka tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce: a ina zan riƙa samun gishirin, wa kuma zai gyara ta a nan Maraɗi idan ta tsaya? Mai kantin da ba shi da amsar wannan, bar masa kayansa.

Wurin ɗaurawa

Aikin mai gyaran famfo ne, kada ka yi da kanka. Ana ɗaura ta bayan kwantar ruwa, cikin inuwa, a kan dandamalin siminti, don ranar watan Afrilu tana ƙona roba. A sa ƙaramar matatar yashi kafin ruwa ya shiga cikinta. A yi mata bututun kewaye mai makulli, yadda in ta lalace ruwa zai ci gaba da zuwa gida. Tana bukatar ruwa mai ƙarfi, yawancinsu kuma suna bukatar lantarki. Idan famfonku ɗiga yake yi da rana, ko wuta tana yawan ɗaukewa, faɗa wa mai sayarwa tun kafin ciniki.

Ka bar famfo ɗaya wanda ruwansa bai bi ta na'urar ba, domin sha da girki. Kowane digiri da aka cire yana ƙara kusan miligiram 5 na sodiyam a lita, wannan kuwa ba alheri ba ne ga jarirai da masu hawan jini. Kada kuma a cire allin duka, a bar kamar digiri 10, don ruwan da ba shi da alli ko kaɗan yana cin bututun ƙarfe.

Ruwan wankin na'urar gishiri ne zalla. Kada ya gangara gindin zogale ko mangwaro, kada ya zauna kusa da rijiya. A haɗa shi da magudanar gida. Idan kun yi tafiya na'urar ta kwana da yawa ba aiki, ƙwayoyin cuta suna iya hayayyafa a cikinta, sai ka sa ta yi wanki, ka bar famfo ya zuba na ƴan mintoci kafin kowa ya taɓa ruwan.