Bashin Senegal da giɓin kasafi: gardamar da ta shafi aljihun ɗan Nijar

A ranar 12 ga Fabrairun 2025, kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnati a Senegal ta fitar da rahoton da ya girgiza Dakar. Gwamnatin tsohon shugaba Macky Sall ta sanar a baya cewa giɓin kasafin kuɗin 2023 kashi 4.9 ne cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Kotun ta sake lissafi, ta ce kashi 12.3 ne. Bashin ƙasa kuwa, da aka ce yana wajen kashi 74, ta ce ya kai kashi 99.67, wato sama da sefa miliyar 18,500.

Tun daga nan magoya bayan jam'iyyar Pastef da na APR ta Macky Sall ke ja-in-ja kan wanda ya yi ƙarya. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwansa: sefarmu ɗaya da Senegal, babban bankinmu ɗaya, BCEAO, wanda hedikwatarsa ma a Dakar take, kuma a kasuwa ɗaya gwamnatocinmu ke cin bashi.

Giɓi daban, bashi daban

Yawancin gardamar da ake yi a fada, bakin butar shayi, a nan take fara lalacewa, domin ana haɗa abu biyu. Giɓi lissafin shekara ɗaya ne: abin da gwamnati ta kashe ya zarce abin da ta tara daga haraji da kwastan da tallafi. Bashi kuwa tarin rancen da aka yi ta ci shekara da shekaru don cike giɓin. Ƙasa na iya rage giɓinta bana amma bashinta ya ci gaba da hawa, tunda ko ƙaramin giɓi da sabon rance ake toshe shi. Don haka mai cewa an rage giɓi da mai cewa bashi ya ƙaru, ta yiwu dukansu gaskiya suke faɗa.

Abin da kowane ɓangare ya riƙe

Firaministan wancan lokaci, Ousmane Sonko, ne ya fara tayar da maganar a taron manema labarai na ranar 26 ga Satumban 2024, inda ya zargi gwamnatin da ta gabata da ba wa 'yan ƙasa da masu ba da rance alƙaluman ƙarya. Rahoton kotun, wanda ya duba daga 2019 zuwa ƙarshen Maris 2024, ya ƙarfafa masa gwiwa, musamman da ya gano rancen da aka karɓa daga bankunan cikin gida ba tare da ya bi ta hanyar kasafi ba.

Macky Sall da mutanensa sun musanta, suna cewa siyasa ce. Tambayarsu ita ce: ta yaya Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI, da ke bin diddigin ƙasar, da ita kanta kotun da ke duba lissafin kowace shekara, duk ba su ga komai ba sai bayan an sauya mulki? Suna kuma nuna ayyukan da aka yi: jirgin ƙasa na TER daga Dakar zuwa Diamniadio da ya fara aiki a Disamban 2021, filin wasa na Abdoulaye Wade da aka buɗe a 2022, da motocin BRT masu aiki da lantarki.

Idan an zauna da sanyin rai, hujjojin biyu ba sa cinye juna. Jirgin ƙasa na nan, mutane na shiga, amma hakan bai nuna an rubuta kowane rance inda ya kamata ba. Haka kuma gano rancen da ba a rubuta ba bai amsa tambayar yadda masu sa ido suka yi barci ba. Gardamar Senegal ba kullum take tafiya da ladabi ba, sai dai tana da abu ɗaya mai muhimmanci: akwai rubutaccen rahoto da kowa zai iya buɗewa, ya nuna shafin da bai yarda da shi ba.

Wa ke biya?

FMI ya dakatar da shirin rancen dala miliyar 1.8 da ya amince wa Senegal a Yunin 2023. Kamfanonin da ke auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi, irin su Moody's, sun rage mata maki, rance daga waje ya yi tsada. A Agustan 2025 Sonko ya gabatar da shirin farfaɗo da tattalin arziki wanda mafi yawan kuɗinsa daga cikin gida za su fito, ciki har da haraji kan caca, taba da tura kuɗi ta wayar salula. 'Yan ci-rani masu aika wa gida kuɗi sun san inda wannan ke taɓawa, kuma haraji ba ya tambayar katin jam'iyya.

Inda abin ya iso Yamai

Ƙasashe takwas na UEMOA sun amince kada giɓi ya wuce kashi 3, bashi kuma kada ya wuce kashi 70, ko da yake an jingine yarjejeniyar a Afrilun 2020 saboda korona. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA. Da ƙofar waje ta yi wa Dakar nauyi, sai ta ƙara karkata ga kasuwar yankin, inda Yamai da Bamako da Wagadugu ke neman kuɗi a hannun bankuna iri ɗaya. Idan masu neman rance suka yi yawa, mai kuɗi ne ke yanka kuɗin ruwa.

Mu ma mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, an zabtare kasafin shekarar da kusan kashi 40, daga miliyar 3,291 zuwa 1,981, an kuma kafa asusun FSSP don tara gudummawar 'yan ƙasa. Wasu na kallon wannan a matsayin farashin 'yancin kai, wasu na kallonsa a matsayin nauyin da aka ɗora wa talaka.

Mai wancan ra'ayi da mai wannan suna iya shan shayi tabarma ɗaya idan suka fara da tambayoyin da ba su da jam'iyya: nawa aka ranto, a hannun wa, a kan ruwa nawa, me aka yi da kuɗin, kuma wa ya duba lissafin? Senegal ta yi alkawarin mayar da giɓinta kashi 3 nan da 2027. Ko ta cika ko ba ta cika ba, da waɗannan tambayoyin ne magoya baya da 'yan adawa za su auna ta.