Motar iyali mai aiki da lantarki: abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Manyan motocin iyali masu tsayin ƙafa, waɗanda kamfanoni ke kira SUV, mutanen gari kuma ke haɗa su duka da sunan katkat, na cikin waɗanda suka fi kasuwa a motocin lantarki. A 2023, Tesla Model Y ce motar da aka fi saye a duniya baki ɗaya, har da masu shan mai. Sai dai motar da aka ƙera don titunan Turai ko na Sin ba lalle ta dace da magidancin Maraɗi ko Tawa ba. Kuɗi, batir da jin daɗin zama, su ne abubuwan da ake ɗorawa kan sikeli.

Kuɗin saye da kuɗin riƙo

Motar lantarki ta fi takwararta mai shan mai tsada a wurin saye, domin batir shi ne kaya mafi tsada a jikinta. Kan wannan akwai kuɗin jigila da na duwan. Sauƙinta sai an fara hawa yake bayyana. Katkat mai shan lita 9 a kilomita 100, bisa farashin CFA 499 da aka tsayar a watan Yulin 2024, tana cin kusan jaka huɗu da rabi. Ta lantarki mai girma ɗaya tana shan kilowat-awa 16 zuwa 20 a wannan tazara. A ce kowane kilowat-awa ya tashi CFA 100, kuɗin ba zai wuce jaka biyu ba. Mai saye na iya duba takardar NIGELEC ta gidansa ya yi nasa lissafin. Ba a canza mata baƙin mai, birkinta kuma na daɗewa, amma nauyinta na cin taya da wuri.

Wannan riba ta mai yawan zirga-zirga ce. Wanda motarsa ke kwana uku ba ta motsa ba zai daɗe bai maida bambancin kuɗin ba.

Batir da nisan tafiya

BYD Atto 3 ta ƙasar Sin na da batir na kilowat-awa 60, kuma gwajin Turai ya ba ta kilomita 420. Volkswagen ID.4 mai batir na 77 ta haura 500. Waɗannan alƙaluma na gwaji ne. Da an cika mota da mutane da kaya, an kunna na'urar sanyi a zafin Afrilu, an kuma taka ta kan babbar hanya, nisan zai ragu sosai. Daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, a je a dawo da caji ɗaya. Daga Yamai zuwa Maraɗi kuwa, sama da kilomita 650, dole a tsaya caji a hanya, kuma sai an san inda za a tsaya tun kafin a tashi.

Irin batir ma abin tambaya ne. Wanda ake kira LFP, irin na Atto 3, ya fi jure zafi da yawan caji, ko da yake ya fi nauyi. Yawancin kamfanoni na ba batir garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma garanti ba ya amfani in babu wakilin kamfanin a kusa. Mai sayen ta hannu ya nemi a gwada masa lafiyar batir da na'ura, domin kyan fenti ba ya nuna abin da ya rage a ciki.

Ina za a yi caji?

Bakin wuta na ɗaki na ba da kilowat 2 da ɗoriya, wato batir na 60 zai fi kwana ɗaya cur kafin ya cika daga ƙasa. Akwatin caji na kilowat 7 da ake kafewa a bango na gama aikin cikin awa 9, amma sai layin gidan na iya ɗaukar nauyinsa. A unguwar da ake yawan ɗauke wuta lokacin bazara, mai allunan hasken rana ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma tarkon da masu odar mota daga waje ke faɗawa: bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin na da GB/T, ta Turai kuma Type 2 da CCS2. A tabbatar igiyar caji ta zo tare da motar.

Jin daɗin iyali

Motar lantarki ba ta da ƙara, kuma daɓenta shimfiɗaɗɗe ne, don haka na baya na samun wurin miƙe ƙafa. Atto 3 da ID.4 kujeru biyar gare su. Gida mai yara da yawa zai fi karkata ga irin Kia EV9 mai kujeru bakwai, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba, nauyinta kuma ya kai wajen tan biyu da rabi, abin da ba ya daɗi cikin rairayi. Ba kowace SUV ce ke ja da ƙafa huɗu ba: Atto 3 da ƙafafun gaba kawai take ja.

Batir a ƙarƙashin mota yake, saboda haka tsayinta daga ƙasa na da muhimmanci. Atto 3 da Model Y na wajen santimita 17, Prado kuwa ta haura 20, kuma a hanyar ƙauye da damina wannan ɗan bambanci na iya zama asarar miliyoyi. Rufin gilashi da ake yabo a Turai, a Damagaram zafi yake ƙarawa. Kafofin sanyi a kujerun baya sun fi babban allo amfani ga yara.

Ga mai zama cikin gari, mai wuta tsayayya a gida da makaniken da ya san aikin, matsakaiciyar mota mai batir na 60 ta wadatar. Wanda ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram kowane wata, ya fara samun amsar inda zai yi caji kafin ya tambayi farashi.