Ko Ka San Wayoyin Gidanku da Adireshi Ɗaya Suke Fita Intanet?

Mutum goma su hau Wi-Fi ɗaya, amma intanet mutum ɗaya take gani. Aikin rauta ne, ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu, kuma ana kiran dabarar NAT, wato sauya adireshi.

Ƙaranci ne ya kawo ta. Tsohon tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kacal yake da shi, don haka tun 1994 masana suka fito da NAT domin a yi maleji. Duk da haka babban rumbun adireshin ya ƙare a Fabrairun 2011.

Rauta tamkar maigadin gidan haya yake. A ciki yana ba kowace waya lamba irin 192.168.1.5, wadda ba ta cin kasuwa a waje. Da waya ta aika saƙo, sai ya cire lambarta ya manna adireshin gidan, ya rubuta a rajista wa ya aika. Amsa na dawowa ya duba, ya miƙa wa mai ita. Baƙon da ba wanda ya kira shi kuwa, ba ya cikin rajista, a bakin ƙofa zai juya.

Shi ya sa YouTube ke tafiya sumul, amma wata kyamarar tsaro da ke shago ta ƙi buɗuwa daga gida. Maganinsa a shiga saitin rautan shagon a ware wa kyamarar ƙofa tata, a kuma kafe lambarta kada ta canja in an ɗauke wuta.

Sai dai kafin ka taɓa komai, duba adireshin da rauta ya samu daga waje, ka gwada shi da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. Masu gyara da yawa nan suke tsallakewa, su yini suna kashewa da kunnawa. In na rautan ya fara da 192.168, galibi rauta biyu ne a jere, sai a mayar da ɗaya gada kawai. In kuwa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, zangon da aka ware a 2012, to kamfanin ne ya haɗa ku da ɗimbin kwastomomi a adireshi ɗaya, kamar yadda kamfanonin waya suka saba yi.

A nan ba saitin da zai fisshe ka. Kira kamfanin ka nemi adireshi naka na kanka, kuma ka shirya, sau da yawa sai an biya.