Zaɓen taya ga babban babur: a tambayi hanya kafin a je kasuwa

Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Damagaram yakan gamu wani lokaci da wani irin babur, ko moto kamar yadda munka fi faɗi, wanda ya sha bamban da na ƴan kabu-kabu. Dogo ne, mai faɗin tanki, da akwatuna rataye dama da hagu, nauyinsa kuwa ya kai na ƙananan babura biyu. An ƙera shi don doguwar tafiya, ya bi kwalta, ya bi tsakuwa, ya shiga rairayi in ta kama. Kuɗinsa na iya sayen mota. To, amma duk girman nan nasa, abin da ke haɗa shi da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu biyu na roba ba, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Nan birki ke kamawa, nan ake shan kwana, nan kuma ran mahayi da na wanda ya goya ke rataye. Shi ya sa zaɓen taya ba ƙaramar magana ba ce.

Sunan Tenere a jikin tanki

Wanga irin babur yana da tarihi da ƙasarmu. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da baburinsa cikin hamada lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Da anka ceto shi, sai ya shirya tseren Paris-Dakar. Na farko ya tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya, ya biyo ta Agadas da Yamai, ya ƙare a Dakar cikin Janairu 1979. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R 80 G/S, kuma da babur na wanga kamfani Hubert Auriol ya ci tseren a 1981 da 1983. A 1983 Yamaha ta fara sayar da wani babur da ta raɗa ma sunan hamadarmu, wato Ténéré. Honda ta biyo baya da Africa Twin a 1988.

Tseren ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020, amma baburan sun ci gaba da girma. BMW R 1250 GS, da tankinsa cike, nauyinsa kilo 249 ne. Ténéré 700 da ya fito a 2019 ya ɗara kilo 200 kaɗan.

Nan ne rikicin yake. Mai sayen babur ɗin nan yakan saye shi da hoton tuddan rairayi a zuciyarsa, ya je ya sa masa taya mai manyan haƙora irin ta ƴan tsere. Alhali kuwa tafiyarsa ta kullum daga gida zuwa wurin aiki ce, sai kuma ziyarar dangi a Maraɗi ko Tawa, duka bisa kwalta.

Taya iri uku

Kamfanonin taya sukan kwatanta aikin kowace taya da lamba biyu: ta farko kason kwalta, ta biyu kason daji.

Iri na farko shi ne 90/10, tayar kwalta. Bayanta kusan sumul ne, sai tsagogi masu korar ruwa. Cikinsu akwai Metzeler Tourance Next, da Pirelli Scorpion Trail, da Michelin Anakee Road, da Bridgestone Battlax A41.

Iri na biyu shi ne 80/20 ko 70/30. Tsagoginta sun fi faɗi da zurfi, tana riƙe tsakuwa da jar ƙasa busassa ba tare da ta yi hasarar kwalta da yawa ba. Michelin Anakee Adventure da Pirelli Scorpion Rally STR na cikin wanga rukuni.

Iri na uku shi ne 50/50 zuwa sama, mai haƙora, kamar Heidenau K60 Scout, da Mitas E-07, da Michelin Anakee Wild, da Continental TKC 80. Haƙoranta na nutsewa cikin rairayi da taɓo su tura babur gaba.

Waɗanga lambobi kwatanci ne na masu sayarwa, ba awon hukuma ba ne. Duk da haka suna koya mana gaskiya guda: taura biyu ba ta taunuwa. Abin da taya ta samu a daji, a kwalta take biyansa.

Abin da haƙora ke ragewa a kwalta

A kan kwalta, yawan robar da ta taɓa ƙasa shi ne riƙo. Taya mai haƙora rabin bayanta fili ne, don haka robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. In an taka birki da ƙarfi, haƙoran na lanƙwashewa ƙarƙashin nauyi, tazarar tsayawa ta ƙaru, tun ba in hanya ta jiƙe ba. Tana da ƙugi, tana girgiza hannu, kuma galibi masu manyan haƙora sun fi saurin cinyewa a kwalta mai zafi. Baburan zamani na da na'urar ABS mai hana ƙafa kullewa in an danne birki, amma na'urar ba ta ƙirƙiro riƙon da taya ba ta da shi.

Tayar kwalta ta zamani kuwa sau da yawa roba iri biyu ce: tsakiya mai tauri don ta jure miƙaƙƙiyar hanya, gefe mai taushi don ya kama ƙasa a kwana. Ana kuma gauraya robar da wani sinadari, silika, mai ƙara riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya. Wanga abu yana da amfani a nan gida. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita 600 ne da ɗoriya, zuwa Damagaram kimanin 900, mafi yawanta miƙe, ga zafin bazara da ke haura awo 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu. Sa'an nan ruwan farko na damina, in ya sauka bisa ƙura da man da motoci sunka zubar tsawon rani, yakan mai da kwalta kamar an shafa mata sabulu.

Kada kuma a zarce da yabo. Tayar 90/10 in ta shiga taɓo, tsagoginta na cikewa nan da nan, ta koma santsi. In ta shiga rairayi mai zurfi sai ta yi ta juyawa wuri guda. Ko a kwalta, inda iska ta kwaso rairayi ta shimfiɗa a kwana, babu tayar da ke ceton mai gudu.

Dabarar zaɓe mai sauƙi ce. Mai babur ya ɗauki alƙalami ya lissafa tafiye-tafiyensa na bara da gaskiya. In cikin kilomita goma tara kwalta ce, ya sayi tayar kwalta. In ƙauyensu na nesa da babbar hanya, kuma kowane wata sai ya bi jar ƙasa mai gargada, to 80/20 ko 70/30 ta fi dacewa da shi. Mai haƙora kuwa ta wanda aikinsa ke cikin daji ce. In wata tafiyar daji ta taso sau ɗaya a shekara, gara a sa mai haƙora don ita, in an komo a cire.

Karatun gefen taya

Duk abin da mai saye ke bukatar sani an rubuta shi a gefen taya. Mu ɗauki tayar baya ta R 1250 GS misali, inda za a ga: 170/60 R 17 72V.

Lamba 170 faɗin taya ne da milimita. Lamba 60 na nufin tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 102. Harafin R na nuna irin saƙar zaren ciki da ake kira radiyal. Lamba 17 girman janti ne da inci, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Lamba 72 alamar nauyi ce: tayar na ɗaukar kilo 355. Harafin V alamar gudu ce: kilomita 240 a awa. Sauran haruffan da aka fi gani su ne H mai 210, T mai 190, R mai 170, da Q mai 160. A lura, R na ƙarshen layi gudu yake nufi, R na tsakiya kuwa saƙa. Tayoyi masu haƙora da yawa a Q ko R sunka tsaya.

Wani zai ce: ni da ba na wuce 110, ina ruwana da 240? Gudu da nauyi duka zafi suke haifarwa cikin roba, kuma alamomin nan na nuna iyakar juriyarta. Mu yi lissafi: babur kilo 249, mahayi 80, wanda ya goya 70, kaya 40. Jimla 439, kuma mafi yawansa a kan tayar baya yake. Taya mai alamar nauyi ƙasa da wadda littafin babur ya faɗa ba ta da wurin zama a nan, kome arharta.

Girman ƙafa ma yana faɗin halin babur. R 1250 GS na da inci 19 a gaba, 17 a baya, ya fi karkata ga kwalta. Ténéré 700 kuwa inci 21 a gaba, 18 a baya, don ƙafa mai girma ta fi haye rami da dutse. Kada a sauya girman da kamfani ya sa don neman ado. Tayar gaba da ta baya su zamo samfuri ɗaya, domin tare anka tsara su. Kada a haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba sai in haka kamfani ya tsara. Akwai kuma kibiya a gefe mai nuna inda taya za ta juya. Mai babur ya duba da idonsa bayan an ɗaura.

Shekarun roba

Taya na tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi na busar da roba, ta yi tauri, ta tsattsage. A gefen taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lamba huɗu. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Tun daga 2000 ake rubuta shi da lamba huɗu; mai lamba uku ta riga wagga shekara, ba abin hawa ba ce. Kamfanin Michelin na ba da shawara cewa taya in ta shekara biyar a bakin aiki a riƙa kai ta ga masani kowace shekara, in ta kai goma daga ranar yinta a sauya ta ko da zanenta bai suɗe ba.

Nan ya kamata a yi hattara da tsofaffin tayoyin da ake kawowa daga waje. Wata zanenta na da sauran zurfi, an goge ta tana walƙiya, amma ba wanda ya san ramin da ta faɗa, ko rumbun da ta kwana. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mota in tayarta ɗaya ta fashe tana da sauran uku. Babur ba shi da wanga rangwame.

A cikin tsagogi akwai ƴan tuddai ƙanana, wurinsu na da alamar TWI ko wani ɗan tambari a gefe. Ranar da bayan taya ya yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Haka kuma in tsakiyarta ta baje saboda miƙaƙƙiyar hanya har babur na gardama a kwana.

Da robar ciki ko babu

Alamar TT na nufin taya mai bukatar robar ciki mai riƙe iska. TL na nufin wadda ba ta bukata. Janti ne ke yanke hukunci. Ténéré 700 na 2019 da robar ciki ya fito. GS kuwa an ɗaure wayoyin ƙafarsa a gefen janti, don haka iska ba ta da mafita, ba ya bukatarta. Marar robar ciki in ta taka ƙusa ko ƙayar aduwa, iska a hankali take fita, kuma ana iya toshe hudar ba tare da an kwance ƙafa ba. Mai robar ciki takan sace farat ɗaya, amma kowane mai liƙi a bakin hanya ya san gyaranta. Mai doguwar tafiya ya riƙe kayan toshiya, da famfo, da robar ciki ta ko-ta-kwana, domin janti in ya lotse a rami ba ya riƙe iska.

Iska

Taya mai tsada da iska ba daidai ba, hasara ce. Littafin R 1250 GS ya ce bar 2,5 a gaba, 2,9 a baya. Kowane babur da nasa awo. Da ma'auni ake aunawa, ba da matsi da yatsa ko dukan ƙafa ba, kuma da safe kafin a tashi, taya na sanyi. In an yi tafiya awon zai hau saboda zafi; kada a sace iskar, in ta huce za ta koma daidai. Ƙarancin iska ne babban abokin gaba: gefen taya na ta lanƙwasa, zafi na taruwa, har zaren ciki ya saki. Wanda ya rage iska don ƙetare rairayi, ya mai da ita da zarar ya hau kwalta. Sabuwar taya kuma na da santsi, sai a lallaɓa ta kilomita 100 zuwa 200 na farko.

Ƴan uwa, magabatanmu masu dawaki ba su hawa sai sun ɗaga ƙafar doki sun duba kofato. Mai babban babur shi ma, kafin ya tada inji, ya duƙa ya karanta lambobin nan, ya auna iska, ya shafa roba ya nemi tsaga. Aikin minti biyar ne, kuma iyali na gida suna jiran komowarsa. Allah shi kiyaye hanya, shi sauke kowa lafiya.