Ɓera da Ƙamshin Fure

Damuwa ciwo ce, tana hana mutum barci. Waɗansu sun ce ƙamshin man tsiro yana maganinta. To, yaya za mu gane gaskiya? Masana sukan fara gwadawa a kan ɓera.

Mun san halin ɓera. In ya tsorata sai ya nemi lungu. Saboda haka akan yi akwati mai ɗaki biyu, ɗaya da duhu, ɗaya da haske. A sa ɓera ciki, a duba agogo. Mai tsoro yakan maƙale cikin duhu. Wanda hankalinsa ke kwance shi ke fitowa haske.

A 2018, a Jami'ar Kagoshima ta ƙasar Japan, aka gwada linalul, watau wani abu mai ƙamshi da ke cikin man furen lafanda. Ba ɗura aka yi wa ɓerayen ba, ba allura ba, shaƙa kaɗai suka yi. Sai ga su sun daɗe cikin haske fiye da 'yan'uwansu, kuma ba su yi tangaɗi ba.

Aka kawo waɗansu ɓeraye da ba su jin ƙamshi, aka shaƙa musu. Su kam ko kaɗan tsoronsu bai ragu ba. Ashe sai hanci ya ji, kana abin ya yi aiki.